Littafin Cefanen Mukadder

Ba na zuwa kasuwar Laraba da safe.
Safiya ta masu albashi ce:
tumatir na sheƙi, mai shi na hura hanci,
ko kallon ɗan fansho ba ya yi.
Sai rana ta sunkuya kan tekun Izmir,
jirgin ruwan ƙarfe biyar ya yi kuka,
sannan in ja ɗan kekena, in gangara.

Shekara talatin ina yage tikiti a jirgin nan
ban san kuɗin albasa ba.
Mukadder ce ta sani.
Ta tafi bara, da shigowar ruwan sanyi,
ta bar mini tukwane bakwai, da tabarau,
da wani ɗan littafi mai tabon mai a bango.

Shafin farko: farin wake, kilo, lira tara.
Na yi dariya har ta koma tari.
Lira taran nan yau
ko shayi ba ta zaunar da kai ka sha.

Hulusi mai kayan miya ya gane ni tun daga nesa.
"Baba Nevzat, an zo ɗaukar majinyata?"
Na ce e, ba ni masu rauni,
mai tabo a kumatu, mai fashewa a gefe.
Miya ba ta tambayar tumatir kyan fuska.
Ya auna, ya ƙara yalo biyu ba da sanin sikeli ba,
ya juya kai don kada in gode.

Sauran duk ita ke koya mini, da ƙananan haruffanta.
Jiƙa wake tun dare, gas ma kuɗi ne.
Burodin jiya ba tsoho ba ne,
ƙwai ɗaya da kasko, ya dawo saurayi.
Ƙashi daga wurin Rasim mahauci, a tafasa sau biyu,
na farko romo, na biyu a dafa ɓarzajjiyar alkama.
Man zaitun kuwa, a ɗiga, kada a zuba,
an ja layi biyu ƙarƙashin wannan.

In an yi ruwa, Pakize ta bene na uku
kan hau tudu da wuƙa da jaka,
ta dawo da ganyen da ba shi da mai shi.
Ni in matse lemon tsami, ita ta kawo kindirmo,
buhun albasa mu raba shi gida uku.
Tsada ta hau, mu ma muka hau bene,
muka san ƙofar juna.

Ran Lahadi jikata Nehir ta zo daga jami'a,
ta cinye kwano, ta suɗe da burodi.
"Kaka, nama nawa ka sa?"
Na ce ko ƙamshinsa bai ratsa gidan nan ba.
Ba ta yarda ba. Na ɗauko littafin in nuna mata.

A nan ne ya buɗe inda ban taɓa kai ba,
can baya, shekarun da yara ke makaranta.
Nama, kwata: na yara da Nevzat.
Mako na gaba, haka.
Na gaba, haka.
Na yi ta juyawa ina neman sunanta.

Sai na tuna yadda take ture faranti,
ta ce ta ɗanɗana a kicin har ta ƙoshi.
Ni kuwa in ce to, in miƙa hannu.

Nehir ta zuba shayi, ba ta ce komai ba.

Yanzu ni ke rubutu, ƙarƙashin nata,
hannuna na rawa, lambobin sun fi nata tsawo.
Jiya fansho ya shigo, na sayi kwata.
Rabi na cikin firji, na Nehir.
Rabin na hau da shi bene na uku,
don na lura, Pakize ma
ta cika cewa ta ƙoshi.